Yadda Ake Hana Talabijin Cinye Gefen Hoto

Ka jona kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI, sai ka ga layin ƙasa mai ɗauke da agogo ya nutse, rabinsa ya ɓace? Ba lalacewa talabijin ɗin ta yi ba. Faɗaɗa hoton take yi tana yanke gefunansa huɗu, abin da ake kira overscan.

Gado ne daga tsofaffin talabijin masu ƙusumbi. A wancan zamani hoto ba ya zama wuri ɗaya, zafi da tsufa da rawar wutar lantarki kan sa ya ɗan goce ko ya tsuke, shi ya sa ake tura shi ya wuce bakin gilashi. Shafaffiyar talabijin ba ta san wannan ciwo ba. Ɗigoginta ƙidayayyu ne, misali 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Tana faɗaɗa hoto sai ta sake lissafinsu, gefe ya tafi, rubutu kuma ya dushe. Biyu babu ke nan.

Ɗauki rimot ka shiga saitin hoto, ka nemi wajen girman hoto. Nan ne ake shan wuya, don kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin. LG na cewa Just Scan, Samsung Fit to Screen ko Screen Fit, Sony Full Pixel, Sharp kuma Dot by Dot. Kunna wanda ka tarar. Idan kalmar overscan ce a rubuce, kashe ta za ka yi.

Daga nan ka bi sauran ƙofofin HDMI ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa kowace da nata saitin.

In zaɓin ya ƙi taɓuwa, duba ko kwamfutar ko dikodar na aiko hoto daidai da ɗigogin allon. A wasu talabijin, sauya sunan ƙofar zuwa PC kawai ya isa. Manhajar Nvidia da ta AMD, masu ƙera katin hoto na kwamfuta, ma suna iya tsuke hoton, amma ni ban cika son wannan ba: gefe zai dawo, dushewar kuwa tana nan.

Wuri ɗaya ne nake barin overscan a kunne. Wasu tsofaffin shirye-shirye kan zo da wani farin layi yana ƙyafƙyafta can sama, ragowar bayanan da a da ake ɓoyewa a bayan bakin gilashi. In yana damun idonka, mayar da saitin a wannan ƙofar kaɗai.