Makullin babur: shirin da ake yi tun kafin ya ɓace

Sabon babur, Boxer ne ko TVS ko Haojue, yawanci da makullai biyu yake fitowa daga wurin dila. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin su tare a zobe ɗaya, ranar da zoben ya faɗi duka sun tafi. Ka raba su tun ranar farko. Ka kai ɗaya wurin mai yanka makulli ya yanka maka guda biyu, sannan ka adana na asalin a gida, ba na hawa ba ne. Makullin da ake murzawa kullum haƙoransa na cinyewa, kuma duk kwafin da aka yanka daga jikinsa da wannan cinyewar zai fito. Kwafin kwafi kuwa sau da yawa yakan shiga amma ya ƙi juyawa.

Kada ka bar wurin mai yankan sai ka gwada sabon makullin a ko'ina: wurin kunnawa, kullen kan babur, murfin tanki, da murfin gefe ko sit. Yana iya buɗe tanki lafiya ya cije a wurin kunnawa. In akwai lamba a jikin makullin ko a ɗan ƙarfen da ya zo da shi, ka rubuta ta. Ka kuma shimfiɗa makullin a kan farar takarda ka ɗauki hotonsa gaba da baya, domin gwanin yanka zai iya amfani da hoton.

Inda za a ajiye na ko-ta-kwana shi ne babbar magana. Wasu na jefa shi ƙarƙashin sit ko cikin akwatin sifana, alhali da makulli ake buɗe wurin. Wasu na naɗe shi da salatif a jikin firam, sai dai ɓarayin babur sun san waɗannan maɓoya sarai. Abin da ya fi shi ne ya zauna a jikinka, amma nesa da na aiki: cikin walat, ko cikin ƙaramin aljihu mai zif. Ɗaya kuma ka bar shi hannun wanda in ka kira zai iya kawo maka. Aljihun gefe na kaftani ba wurin makulli ba ne, yana zubar da kaya in an zauna a tabarma ko an tsuguna alwala. Ka ɗaura wa makullin igiya mai launi, ka maƙala a bel ko ka rataya a wuya.

Ba duk makulli ne ke ɓacewa daga aljihu ba. In cikin wurin kunnawar ya cinye, makullin kan zare da kansa ana cikin tafiya, injin na ci gaba da aiki, sai ka isa ka ga babu abin kashewa. Gwajin mai sauƙi ne: kunna, ka ja makullin a hankali. In ya fito, lokacin canji ya yi. Tarin makullan gida da na shago da ake ratayawa tare na cikin abin da ke jawo wannan, nauyinsu na girgiza a kan gargada yana cin ƙananan ƙarafan ciki. In ƙurar hunturu ta sa ya yi tauri, ka goga bakin fensir a haƙoran makullin ka shigar ka fitar 'yan lokuta. Kada ka ɗiga man inji, ƙura yake tarawa ta daskare. In kuma kullen kai ne ya cije, ka girgiza kan babur hagu da dama kana murzawa a hankali. Ƙarfi ne ke karya makulli.

In ya karye a ciki, kada ka sa gam, zai toshe wurin gaba ɗaya. Ka mayar da shi matsayin kashewa, ka zaro guntun da siririyar filaya, ka kai guntayen biyu a yanka sabo.

In kuwa ya ɓace babu wani, ka guji cusa sukundireba ko tsinke wayoyi a bakin titi. Za ka lalata wurin kunnawar, ka iya ƙona fis ko wayarin, kuma wanda aka gani yana haka ana iya yi masa ihun ɓarawo kafin ya yi bayani. Shi ya sa kwafin rasit da takardun babur, masu ɗauke da lambar inji da ta shasi, ya kamata su kasance tare da kai, ko da hotonsu a waya. Ka kira bakanikenka, ko ka ɗora babur ɗin a a-kori-kura zuwa gareji. Idan makulli ɗaya ke buɗe ko'ina, mai yanka zai iya kwance kullen murfin gefe ya fitar da sabo daga jikinsa. Amma in kana zargin ɗauke shi aka yi, ko ya faɗi kusa da inda kake ajiye babur, ka sayi cikakken saiti, wato wurin kunnawa da murfin tanki da kullen gefe, a canza duka rana ɗaya.

Manyan babura na zamani lamarinsu daban ne. Honda masu tsarin hana sata na HISS suna da ɗan guntun lantarki cikin kan makullin, kwafin ƙarfe zalla zai juya amma injin ba zai tashi ba. Wasu Yamaha na zuwa da jan makulli wanda da shi ake yi wa sababbi rajista. Ɓatar da duka na iya kai ka ga canza kwamfutar injin, don haka a yi rajistar ƙari tun akwai ɗaya a hannu. Wanda ya sa sikuriti mai rimot shi ma ya raba rimot ɗin biyu, ya san lambar batirinsa, ya kuma sa mai wayarin ya nuna masa yadda ake kashe na'urar in rimot ya mutu.