Yadda za ka raba disk tsakanin Windows da Ubuntu

Kusan duk sati sai wani ɗalibi ya shigo shagona a nan Samaru da laftof a hannu, wai ya ɗora Ubuntu (wani nau'in Linux) kusa da Windows yanzu wuri ya cika, ko ɗayan ya ƙi tashi gaba ɗaya. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Kafin ka taɓa komai kwashe kayanka zuwa filash, musamman in kana rubuta furojet. Sai kuma batir, wallahi shi ya fi jawo wa mutane asara a garin nan, laftof ɗin gwanjo ce batirinta ko minti 20 ba ya yi, kana tsakiyar matsar da fatishon (wato yankin disk) a ɗauke wuta, shikenan fayilolinka sun tafi. In ka san batirinka ya mutu je inda aka tada janareta ko mai sola.

Daga cikin Windows za ka fara. In BitLocker, tsarin Windows na kulle disk, na kunne rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda. Buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta powercfg /h off, wannan zai kashe Fast Startup, don in yana kunne Windows ba ta mutuwa da gaske, barci take yi, Linux kuma ba zai yarda ya rubuta komai a ɓangarenta ba. Sannan buɗe diskmgmt.msc, danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume. Ka bar Windows ta rage kanta da kanta, ya fi lafiya. Ubuntu na neman aƙalla 25GB amma ni 60 nake ba shi, 25 kafin semesta ta ƙare ya cika.

Duba ma ko disk ɗin GPT ne ko MBR, wato tsarin da aka bi wajen yanka shi. MBR manyan fatishon 4 kawai yake ɗauka, wasu tsofaffin laftof kuma da huɗun a cike suke zuwa. GPT kuwa har 128.

In GPT ne za ka ga wani ɗan ƙaramin yanki mai fomat ɗin FAT32 kamar 100MB, shi ne EFI. Don Allah kar ka yi masa fomat! Da shi Windows da Linux duka suke tashi, na ga wanda ya goge shi wai yana neman sarari.

Shawarata ka yanki fatishon na uku ka yi shi NTFS, fomat ɗin Windows, ka zuba hendawut da karatuttuka da hotuna a can, saboda Windows ba ta karanta ext4, fomat ɗin Linux, amma Linux na karanta NTFS lafiya lau.

In ɓangaren Linux ne ya matse, tashi kwamfutar daga filash ɗin Ubuntu ka buɗe GParted, manhajar gyara fatishon, don tabarmar da kake zaune a kai ai ba ta naɗuwa. Dole sararin da ba kowa ya kasance manne da wanda za ka ƙara wa, in yana ta hagu sai an matsar da fatishon ɗin kacokan, kuma wannan kan ɗau lokaci sosai, kar ka kashe ta ko da ka ga kamar ta tsaya.

Af, agogo. In ka dawo Windows ka ga ya koma baya da awa ɗaya ba aljanu ba ne, Linux na ajiye lokacin UTC ne, wato agogon GMT, mu kuma mun fi shi da awa 1. Shiga Ubuntu ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1 kafin ya sa ka makara laccar ƙarfe 8.