Kurakuran da aka fi yi wajen jona hedfon a tsohuwar amfilifaya

Ramin hedfon da ke gaban amfilifayoyin shekarun 1970, irin su Pioneer, Sansui, Marantz, Kenwood da Akai, babu wata na'ura ta musamman a bayansa. A yawancinsu, sautin da ke tafiya wa lasifika shi aka ɗebo, aka bi da shi ta cikin rizista guda, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, a kowane ɓari, hagu da dama, aka kai shi ramin. Shi ke nan. Marantz 2270 ta 1971 tana ba da wat 70 a kowane ɓari, Pioneer SX-1250 ta 1976 tana ba da 160, alhali hedfon da yawa miliwat ɗaya tal, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, ya ishe su su cika maka kunne. Kusan duk ɓarnar da ake yi daga mantawa da wannan take tasowa.

Kuskuren farko tun ba a kai ga hedfon ba ake tafka shi. Cikin kayan gwanjon da ke shigowa ta Legas da Kwatano akwai waɗanda aka ƙera don Amurka, masu cin bolt 120, akwai na cikin gidan Japan masu cin 100, wutarmu kuwa 230 ce a Najeriya, 220 a Nijar. Kafin ka kai filogi bango, juya bayan na'urar ka karanta. Wasu suna da maɓallin zaɓar wuta, sai a juya shi, a kuma duba ko fis ɗin da ke ciki shi ne daidai da wannan wutar. Wadda ba ta da shi sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da aka rubuta a bayan na'urar da tazara mai kyau. 'Yar Japan kuma 100 take so, ba 110 ba. Za ta yi aiki a kan 110, amma da zafin da ya wuce ƙima. In mai rediyo ce a jiki, kada ka ga laifinta don ta ƙi kamo yawancin tashoshin garinku: zangon FM na Japan a wancan zamani daga 76 zuwa 90 yake. Sannan ka zare fis ɗin ka dube shi da idonka. Sau da yawa za ka tarar an naɗa masa silin waya ko takarda mai ƙyalli ta kwalin sigari. Na'urar da aka yi wa haka, ranar da wani abu ya ƙone a cikinta babu mai tare shi.

Tana kunnuwa ba shi ne tana lafiya ba

Mai sayarwa zai kunna maka ita, fitilun gaba su kawo, ya saka kaset ko ya jona waya ka ji kiɗa, ya ce ka gani, garau take. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma kafasita, ɗan kayan da ke tara wuta a cikin na'urar, ba zuma ba ce, bushewa take yi, kuma waɗannan sun haura shekara arba'in a ciki. Abin da ya fi hatsari ga hedfon ba a jin sa da kunne: wutar DC, wato mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir, da ke tsiyayowa ta mafitar sauti. Siririyar wayar da aka naɗe a cikin hedfon ba ta jure ta. In tiransistar ƙarshe, wadda ke tura sauti zuwa lasifika, ta harbe a amfilifaya mai matsakaicin ƙarfi, bolt 40 na iya bayyana a mafitar, kuma ko da rizistar om 330 a tsakani (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wuta), hedfon mai om 300 zai sha fiye da wat ɗaya na zafi zalla har sai ya ƙone.

Awon ba shi da wuya, mitar masu gyaran rediyo ta isa. Cire wayoyin lasifika, mayar da boliyom ƙasa ƙurmus, zaɓi AUX, ka danna maɓallin lasifika na A. Kunna ta, ka ba ta minti goma zuwa sha biyar ta ɗumama. Saita mita a milibolt na DC, ka ɗora jan tsinke a jan dunƙulen da ake ɗaura wayar lasifika, baƙi a baƙi, ɓarin hagu sannan na dama. In ƙasa da 30 ka gani, ba matsala. In ya kai 50 zuwa 100, tana neman saiti, kuma da yawansu suna da ɗan abin murɗawa a ciki domin wannan. In ya wuce haka, kada hedfonka ya kusance ta sai mai gyara ya gani. Akwai tsofaffi irin Marantz 2230 da ke da babbar kafasita a bakin mafita. Su mita kan nuna lambobin banza in babu lasifika a jone, don haka kada hankalinka ya tashi.

Su waɗannan ɗin, da duk wadda ba ta da rile, wato makunnin da ke jinkirta sakin sauti bayan an kunna, sukan yi "dum" lokacin kunnawa da kashewa. Lasifika na shanye wannan bugun, hedfon kuwa a kunnenka yake sauke shi. Saboda haka ka kunna tukuna, ka jira ka ji "ƙas" ɗin rile in tana da shi, boliyom na ƙasa, sannan ka soka hedfon. In za ka kashe, ka fara zare shi. Haka in an ɗauke wuta: zare shi nan take, kafin a dawo da ita ko a tayar da janareta.

Hedfon da bai dace da ramin ba

A nan aka fi yi wa tsofaffin nan ƙazafi. Mutum zai jona iyafis ɗin wayarsa, ko hedfon na zamani mai om 32, ya ji sautin ƙasa ya kumbura ya yi laɓo-laɓo, muryar mawaƙi ta koma baya, ga wani "sssss" da ba ya ɗaukewa, sai ya yanke hukunci cewa amfilifayar ta mutu. Ba ta mutu ba, ba irin hedfon da aka ƙera ta dominsa ba ne. A zamaninta, Sennheiser HD 414 na 1968 om 2,000 yake da shi, AKG K240 na farko om 600. Rizistar da ke bayan ramin, wadda galibi takan kama daga om ɗari da wani abu zuwa ɗari shida da wani abu, ba ta cika yin tasiri a kan irin waɗannan ba.

Ga yadda lissafin yake. Turjiyar hedfon, wadda ake aunawa da om, ba tsaye take wuri ɗaya ba, tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sauti ko sirantarsa. Rizistar ciki da hedfon kuwa raba wutar suke yi a tsakaninsu, wanda ya fi yawan om ya fi samun kaso. Ɗauki Sennheiser HD 600 ko HD 650, waɗanda aka rubuta wa om 300: a wajen sautin ƙasa, kusa da haz 100 a ma'aunin kaurin sauti, turjiyarsu na haurawa wajen 500. In rizistar ciki 330 ce, a tsakiyar sauti hedfon na samun kusan kashi 48 cikin ɗari na wutar, a sautin ƙasa kuma kashi 60. Bambancin ya kai desibel 2 a ma'aunin ƙarfin sauti. Wannan ɗan ƙarin shi ne "ɗumin" da masoya tsofaffin kaya ke ta yabo, kuma ni ma ina ganin yana yi wa HD 600 kyau. Amma a san cewa rizista ce ta kawo shi, ba wani sirrin Japanawa ba. A ƙaramin hedfon mai om 32 da turjiyarsa ke tsalle sosai, ƙarin kan wuce misali. Iyafis masu ƙananan lasifikoki biyu ko uku a kowane kunne su suka fi shan wahala, domin sautinsu kan birkice gaba ɗaya.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce om ɗin mafita kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedfon. Da wuya ka sami tsohuwar risiba, wato amfilifaya mai rediyo a jiki, da ta cika wannan sharaɗi, don haka kada ka ɗauke shi farilla. Ka dai matsa kusa da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi hedfon mai om 250, 300 ko 600, irin su Beyerdynamic DT 880 da Sennheiser ɗin da na ambata. Kuma a nan tsohuwar take nuna bajintarta: amfilifaya mai wat 50 tana fitar da bolt 20, ta cikin rizistar 330 za ta iya ba hedfon mai om 300 wajen miliwat 300, abin da wayar hannu ba za ta ko kusanta ba. Hedfon irin na filana, masu shimfiɗaɗɗen falle a kusa da maganaɗisu, turjiyarsu ba ta hawa da sauka, don haka launin sautinsu ba ya canjawa ko da om ɗinsu kaɗan ne.

In kuma ƙaramin hedfon ɗin kake da shi ba ka da niyyar sayen wani, mai gyara zai iya haɗa maka 'yar gajeriyar waya mai rizistar om 10 a kowane ɓari, daga wayar sauti zuwa ta ƙasa. Da wannan om ɗin mafita zai sauko ƙasa da 10, "sssss" ɗin ya lafa, boliyom kuma ya sami filin juyawa. Ƙarfi zai ragu ƙwarai, amma iyafis ba ƙarfi yake nema ba.

Maganar filin juyawa ta kawo mu kan wani kuka da ake yawan yi, wai da an ɗan taɓa boliyom sai ƙara ta yi yawa, in an rage kuma kunne ɗaya ya fi ɗaya ji. An ƙera mashigar AUX ta wancan lokaci don sautin da bai wuce milibolt 150 ko kusa da haka ba, na'urar CD da irin akwatunan sauti na kwamfuta kuwa bolt 2 suke turowa. Ga shi maɓallin boliyom, ko sabo ne, ɓarinsa biyu ba sa tafiya daidai a can ƙasa. Rage sautin daga tushe, a waya ko kwamfuta, har sai ka iya kai maɓallin wajen ƙarfe tara ko goma na agogo. In akwai maɓallin MUTING mai rage desibel 20, danna shi, aikinsa ke nan. LOUDNESS kuwa a kashe. Ƙarin sautin ƙasa ne a kan wanda rizista ta riga ta ƙara. Kuma ba a jona wayar hannu a PHONO. Wannan mashigar ta allurar garmaho ce, mai jiran milibolt biyu zuwa uku, tana kuma murɗa sauti ta yadda ya dace da faifai kawai. AUX, TUNER ko TAPE PLAY, duk wanda ka samu ya yi.

Ɗan kan da ke mayar da ƙaramin filogi na milimita 3.5 zuwa babba na 6.35 shi ma yana ɓata wa mutane rai. Dubi zoben baƙi a jikinsa: biyu ake so. Mai zobe ɗaya na makirufo da jita ne, zai kashe maka kunne guda. Iyafis mai makirufo, mai zobe uku, wani lokaci ba ya zama daidai a cikinsa, sai ka ji kiɗa kamar daga rijiya, murya ta ɓace.

Jonawa ta bayan, a mazaunin lasifika

Wannan dabara ta yaɗu ne saboda hedfon masu taurin kai irin HiFiMan HE-6, wanda om 50 ne amma yana cin wuta kamar ƙaramar lasifika. Ga irinsa tana da ma'ana. Ga sauran kuwa ganganci ne: bolt 20 ɗin nan, in babu rizista a tsakani, wat 12 da rabi ne a kan hedfon mai om 32. Hannu ya kuskure a kan boliyom sau ɗaya, an gama. Akwai kuma tarkon da ba a gani. Filogin hedfon na yau da kullum waya ɗaya ce ta ƙasa ga kunnuwa biyu, wato yana haɗe baƙaƙen dunƙulen hagu da dama. Yawancin risibobin 1970 dama a haɗe suke a ciki, amma akwai amfilifayoyin da ba haka suke ba, musamman waɗanda aka yi wa haɗin da ake kira "bridge" don ƙarin ƙarfi, kuma haɗe su na ƙona su. A kashe na'urar, a zare ta daga wuta, a auna tsakanin baƙaƙen biyu da mita. In ba ta nuna kusan sifili ba, a bar maganar. Amfilifaya mai kwalba kuma, irin ta kafin zuwan tiransista, ba a kunna ta babu lasifika ko rizistar da ta tsaya a madadinta, domin taransifomar mafitarta na iya lalacewa, kuma samun wata ba ƙaramin aiki ba ne.

Saura ƙazanta. Kunne ɗaya yana ɗaukewa yana dawowa, ko ana jin ƙarar-ƙarar in an murɗa maɓalli: kafin a ce za a canja kaya, a wanke. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma maɓallin TAPE MONITOR da bakin rile su ne suka fi yin wannan tsiya, har da shi kansa ramin hedfon da ya shekara talatin ba a soka masa komai ba. Man wanke mahaɗar lantarki ake fesawa, irin su DeoxIT, kaɗan, a murɗa maɓallin sau da yawa, a bari ya bushe. Ban da fetur, ban da man inji, ban da WD-40 na kwance ƙusa, wanda ke barin maiƙon da ƙura za ta manne masa. In an wanke amma ana jin tsatsa ko fashe-fashe ko da boliyom na ƙasa, a ce wa mai gyara ya duba ƙananan tiransistoci irin 2SC458 da 2SA726, waɗanda aka san su da wannan hali, sannan a wasu Sansui, irin AU-717, ya kankare tsohon gam ɗin da ya koma ruwan ƙasa yana cin ƙafafun kaya. Kada ka tura hannu ciki da kanka wai don ka riga ka zare filogi: manyan kafasitocin suna riƙe wuta bayan an kashe. In an gama gyara, a fara tayar da ita ta cikin ƙwan fitila mai zare da aka jera a layin wuta, a sake auna DC, a gwada da iyafis mai arha na kwana biyu kafin a jona mai tsadar.