Yadda ake hawa Bear Mountain ta hanyar matakala a sauko lafiya

Tuƙi nake yi a birnin New York, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san yini ake yi a zaune. Da likita ta ce in riƙa motsa jiki ko in fara shan maganin hawan jini, ɗan yayata ne ya ce, "Kawu, akwai wani dutse sama da mu kaɗan, awa ɗaya ce a mota, mu je ka gani." Dutsen nan shi ne Bear Mountain, a gandun shaƙatawa na jihar New York da ke yammacin kogin Hudson. Tun daga ranar na yi ta komawa, da rani da kaka da farkon hunturu, shi ya sa nake son in faɗa wa 'yan'uwa mazauna Bronx da Harlem da kewaye abin da ƙafata ta koya mini.

Hanyar gajeriya ce, kusan kilomita 3 daga ƙasa zuwa ƙoli, kuma a nan take yaudarar mutane. A cikin wannan ɗan taƙi za ka ɗaga jikinka sama da mita 300, galibi a kan matakalar dutse fiye da 1,000. Gajere ba yaro ba ne. Na sha ganin matasa majiya ƙarfi sun wuce ni da sassarfa a ƙasa, bayan minti ashirin in tarar da su zaune a kan dutse suna haki, ruwansu ya ƙare.

Daga Bronx, ka haye gadar George Washington ka kama titin Palisades, ka miƙe arewa har ƙarshensa. Wanda ba shi da mota zai iya shiga jirgin ƙasa na Metro-North zuwa Peekskill, sannan ya ɗauki tasi ya tsallako gada. Ana biyan kuɗin ajiye mota, dala 10 na saba biya. Ranar Asabar ko Lahadi a watan Oktoba, lokacin da ganye ke rikiɗa ja da rawaya, filin ajiye motocin kan cika tun da hantsi, don haka ni daga sallar asuba nake shiri. Kafin ka fito kuma ka duba shafin gandun a intanet. Ambaliyar watan Yuli na 2023 ta yi wa hanyoyin wurin ɓarna sosai, kuma akan rufe wani sashe don gyara.

Takalmi ne abu na farko. Kambas mai ƙwaƙƙwaran ƙasa mai zane-zane, wanda ka riga ka saba da shi, ba sabon da ka saya jiya ba. Silifas da sawu-ciki mai sulɓin ƙasa a bar su a gida. Ka sa safa mai kauri da dogon wando. Jallabiya da babbar riga suna taɗiye mutum a matakala, kuma 'yan'uwa mata da ke sa abaya gara su sa wando a ciki da riga mai tsawo zuwa gwiwa, hijabin kuma ƙarami wanda iska ba za ta rufe musu fuska da shi ba. Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, a lokacin zafi lita biyu. Ni dabino da gyaɗa da ayaba nake zubawa a jakar goyo, da rigar sanyi marar nauyi, domin gumin da ya jiƙa ka a hanya shi zai koma sanyi da zarar ka tsaya a ƙoli iska ta buge ka. Hannuwanka biyu su zama ba komai a cikinsu, ko kuwa sanda. Ka gaya wa wani a gida inda ka tafi da lokacin da za a sa ran dawowarka.

Idan ka ajiye mota, ka nufi tsohon masaukin baƙin nan na dutse da katako da aka gina a 1915, ka zagaya bayansa wajen tafkin Hessian. A nan ne bayin gida yake, a nan nake yin alwala kafin in fara. Kusa da wurin wasan yara hanyoyi suka rabu, kowace da launin fentin da aka shafa mata a jikin itatuwa da duwatsu. Taka ita ce mai farin fenti, ɗan zane a tsaye kamar tsawon tafin hannu. Wannan farin zane alamar hanyar Appalachian ce, wadda ta taso daga jihar Jojiya har jihar Maine, tafiyar kusan kilomita 3,500, kuma sashenta na farko a wannan yanki aka buɗe shi a 1923. Idan ka ga zane biyu, ɗaya bisa ɗaya, hanya za ta karkata ke nan, ka duba ɓangaren da na saman ya gusa. In ka yi 'yan mintuna ba ka ga farin fenti ba, kada ka ci gaba da fatan za ka tarar da shi a gaba. Ka juya zuwa na ƙarshen da ka gani.

Akwai wata hanyar mai jar da'ira a cikin fari, Major Welch, da ke bin gefen tafkin ta hau ta arewa a kan falalen duwatsu, inda wani wurin sai ka dafa da hannu. Tana da daɗi ga wanda ya saba, amma ban yarda baƙo ya fara da ita ba, ban kuma yarda kowa ya sauko ta nan bayan ruwan sama ba.

Matakalar kanta abin kallo ce. Daga 2006 zuwa 2018 masu aikin sa kai da ƙwararru, ƙarƙashin ƙungiyar kula da hanyoyin daji ta New York da New Jersey, suka riƙa fasa duwatsun wurin suna jera su ɗaya bayan ɗaya. Ka sunkuya ka duba gefen wasu, za ka ga rabin ramukan da aka huda a jere kafin a tsaga dutsen. Da yake aikin hannu ne, ba su zo daidai da juna kamar na bene ba. Wata ta fi wata tsayi, wata ta fi faɗi, don haka ƙafa ba ta samun damar yin tafiya da ka. Dole ido ya riƙa gaba da ita.

Yadda nake hawa shi ne, minti goma sha biyar na farko ina tafiya a hankali har abokin tafiyata ya ƙosa. Awon da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in ba zan iya yi wa na kusa da ni magana cikakkiya ba sai na yanke ta da numfashi, to na yi sauri. Ka ɗora tafin ƙafarka gaba ɗaya a kan matakala, ba kan yatsu kaɗai ba, ka tura da dunduniya, cinya ta yi aikin maimakon ƙwauri. Ka riƙa sauya ƙafar da ke fara hawa, in ba haka ba gwiwa ɗaya ce za ta ɗauki duk wahalar. Hutu kuma gajere, a tsaye, minti ɗaya ko biyu, da kurɓin ruwa biyu ko uku tun ƙishirwa ba ta zo ba. Dogon zama yana sandarar da ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa. Ni awa ɗaya da kwata nake yi, kuma ban taɓa jin na makara ba.

Amma akwai gajiyar da ba a yi mata haƙuri. Jiri, ko nauyi a ƙirji, ko ciwo mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko duhu-duhu a ido, wannan ka zauna nan take, in bai lafa ba a kira lambar gaggawa ta 911. Mu da muka haura hamsin muna zaman mota, mu fi kowa kiyaye wannan. Da azumi kuwa, musamman in ya faɗo a kwanaki masu zafi, ba na hawa sam.

Can wajen tsakiyar hanya itatuwa za su buɗe, sai ga kogin Hudson shimfiɗe a ƙasa, da tsibirin Iona da ciyayin fadamarsa, wani lokaci da dogon jirgin kaya yana bin gaɓa kamar jerin tururuwa. Nan ne wurin cin dabino. A ƙoli kuma akwai hasumiyar Perkins da aka gina a 1934, kuma kada ranka ya ɓaci idan ka tarar da mutane fes-fes sun iso da mota, domin akwai kwalta har sama, sai dai akan rufe ta da hunturu. Ka matsa kan falalen dutsen da ke fuskantar kudu. In gari ya washe za ka hango dogayen benayen Manhattan can ƙarshen gani, ƙanana kamar haƙoran mataji. Ranar da na fara ganinsu na daɗe a tsaye, ina tuna cewa a tsakanin waɗannan 'yan tsinkaye nake ƙarar da kwanakina. In azahar ta riske ka a can, wuri mai tsabta ba ya wuya, alƙibla kuma arewa maso gabas take daga wannan yanki.

Saukowa ita ce inda na ji ciwo, shi ya sa zan tsaya a kanta. Wata rana a watan Nuwamba muka fara hawa bayan ƙarfe biyu, na manta an mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a nan duk farkon Nuwamba, kuma rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi. Muna saukowa duhu na shigowa, busasshen ganye ya rufe matakala, ni kuma ina sauri. Na taka gefen wata, ganyen ya zame da ni, idon sawuna ya gurɗe. Ɗan yayata ne ya riƙe ni a kafaɗa yana haska mana da waya, yana ta cewa, "Sannu Kawu, saura kaɗan." Kwana tara ban taka birki ba, kuma mai tuƙi in bai fita ba babu abin da ke shigowa.

Tun daga nan nake ba saukowa lokaci daidai da na hawa. Kafin in juyo sai na sake ɗaure igiyar takalmi tam, don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, kada ka jingina baya don tsoro, domin hakan ne ke sa dunduniya ta sulluɓe. Inda matakala ta yi tsayi ka juya gefe ka sauka da ƙafa ɗaya, ɗayar ta biyo. Sanda ta riga ƙafa sauka. Waya ta zauna a aljihu, in hoto kake so ka tsaya cak tukuna. Masu hawowa ake ba hanya, kai mai sauka ka raɓe. Ganye a kan dutse, raɓar safiya, da ƙanƙarar da ke kwana a inuwa duk santsi ne, kuma yanzu ko da rana tsaka zan fita akwai ƙaramar tocila a jakata.

Kada ka yanke ta cikin daji don rage hanya. Ban da zaizayar ƙasa da hakan ke jawowa, akwai macizai masu dafi a yankin, da wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa fata ƙuraje da ƙaiƙayi na kwanaki. Abin da ya fi damuna shi ne kaskar barewa, wadda ƙaramarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ita ce ke ɗauke da cutar Lyme. Idan ka isa gida ka yi wanka, ka duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da cikin gashi, yara kuma iyaye su duba su. In ka same ta maƙale, ka kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a miƙe a hankali. In daga baya jan tabo mai faɗaɗa ya fito, ko zazzaɓi, ka je asibiti ka ce daji ka shiga.

Ciwon ƙwauri da cinya ba a ranar yake zuwa ba, sai washegari, kuma jibi ya fi tsanani. Saboda haka ranar Asabar nake hawa in huta Lahadi, kuma ina barin filas ɗin shayi a mota, in sha a bakin tafkin in miƙe ƙafafu kafin in kama sitiyari.