Kek ɗin karas da dankali na yara, babu sukari

Uwargida, wannan kek ɗin na yaron da ya wuce wata 6 ne, wanda ya fara cin abinci. Zaƙinsa daga ayaba da dankalin Hausa yake fitowa, don haka ki ajiye sukari da gishiri. Zuma kuwa kada ki ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, tana iya sa masa mummunar cuta.

Da farko ki dafa dankali 1 ya yi laushi, ki murƙushe shi da ayaba 2. Ki nemi wadda ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, irin wadda masu tebur a kasuwar Sabon Gari suke neman rabuwa da ita da yamma. Ta fi zaƙi, ta fi araha.

Sai ki goga karas 1 a ƙananan ramukan abin goga, kada yaro ya ƙware. Ki fasa ƙwai 1, ki zuba man gyaɗa cokali 3, ki juya. Filawa kofi 1 da bekin foda ƙaramin cokali 1 su biyo baya. A nan kada ki tsananta juyi, kek ɗin zai yi tauri.

Ki shafa wa gwangwanaye mai, ki zuba, ki gasa minti 20 a obin mai zafin digiri 180. In babu wuta, yashi a tukunya bisa gawayi ya wadatar, ni ma haka nake yi a Samaru. Ki soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu. Ki bari ya huce, ki gutsuttsura masa, ki zauna kusa yana ci.