Yadda ake binciken kammala digiri a kan ƙananan 'yan kasuwa a Katsina

Duk shekara ɗaliban sashen harkokin kasuwanci a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Al-Qalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da kwalejin Hassan Usman Katsina, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura, suna zaman rubuta furojet, kuma da yawansu batun ƙananan sana'o'i suke ɗauka. Hanya mafi sauƙi ita ce a sauko da takardar tambayoyin da wani ya tsara don ma'aikatan banki a wata ƙasa, a canza mata kai, a raba wa masu shaguna. Za a samu lambobi, amma ba za su faɗi komai a kan Alhajin da ke sayar da atamfa a babbar kasuwar Katsina ba. Tambaya daga kasuwa ya kamata ta fito. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Matse batun

"Tasirin iya gudanarwa a kan ƙananan sana'o'i a Najeriya" ba batun ɗalibi ɗaya ba ne. Binciken 2021 na SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ya nuna irin waɗannan sana'o'i sun haura miliyan 39. Zaɓi sana'a ɗaya, wuri ɗaya, tambaya ɗaya. Misali: ta yaya masu kayan masarufi a Ƙofar Ƙaura suke tantance wanda za su ba bashi? Me 'yan kasuwar Jibiya suka yi da jarinsu lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020? Su wa suka rungumi karɓar kuɗi ta tiransifa a ƙarancin takardun naira na farkon 2023, su wa kuma suka koma tsabar kuɗi da abin ya lafa?

Ka kuma bayyana girman sana'ar da kake nufi. A ma'aunin SMEDAN, mai ma'aikata 1 zuwa 2 rukuninsa daban, mai 3 zuwa 9 daban, mai 10 zuwa 49 daban, mai 50 zuwa 199 daban. Kusan duk wanda za ka tarar a rumfa a ɗaya daga rukunai biyun farko yake, don haka kada ka yi masa tambayar da ta dace da masana'anta.

Mataki na 2: Nemi ra'in da ya yi daidai da mutanenka

Mai duba aikinka zai tambaye ka ra'in da ka ɗora binciken a kai. In batunka kafa sana'a ne, duba aikin Saras Sarasvathy na 2001. Ta nuna cewa gogaggun masu kafa sana'a sukan fara da abin da ke hannunsu da mutanen da suka sani, su zuba iya abin da za su jure asararsa, ba sai sun zauna sun hasashe kasuwar shekara biyar ba. Duk wanda ya san yadda yaron shago ke zama mai shago zai ga wannan ra'i bai yi nisa da gida ba.

In horo ne batunka, akwai gwajin da aka yi a Lome ta ƙasar Togo a kan masu ƙananan sana'o'i kusan 1,500, wanda mujallar Science ta buga a 2017. Waɗanda aka koya wa himma da neman mafita da kansu, ribarsu ta ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari, horon gargajiya na lissafi da talla kuwa bai nuna tasirin da za a dogara da shi ba. Togo ta fi kusa da halinmu a kan Ingila ko Amurka, kuma a ganina irin waɗannan ayyuka ya kamata su cika babi na biyu, na bitar ayyukan da suka gabata, ba ma'anonin kalmomi shafi goma ba.

Mataki na 3: Shiga kasuwa ta hannun masu ita

Karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka rataya katin makaranta, ka fara da ofishin shugabannin kasuwa ko ƙungiyar sana'ar. Baƙo da biro da takarda yana tambayar ciniki, abu biyu ne ke zuwa ran ɗan kasuwa: ko jami'in haraji ne, ko kuwa rajistar tallafi ake yi. Na farko zai sa ya rage maka lambobi, na biyu zai sa ya ƙara kuka. Don haka ka share duka biyun tun a gaisuwa:

"Ranka ya daɗe, sannu da kasuwa. Ni ɗalibi ne, aikin makaranta nake yi. Ba daga ofishin haraji nake ba, kuma ba tallafi ake rabawa ba. Ba zan rubuta sunanka ko lambar shagonka ba."

"To, Malam, mu me za mu samu?"

"Gaskiya, Baba, ba kuɗi a ciki. In na gama zan kawo wa shugabanku abin da na gano."

Wanda ya ce ba ya so, yi masa godiya ka wuce. Alkawarin sirri kuma ba maganar fatar baki ba ce, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Lokaci ma abin lura ne. Ranar Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci, ba dillalin da zai bar ciniki ya amsa maka tambaya ashirin. Ran nan ido za ka sa: wa ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, yaushe ake biyan la'ada, wa ke tsaya wa baƙon da ya zo daga Nijar. Hira sai wata rana a gida ko a majalisa. Tela kuma kada ka neme shi ana saura mako biyu salla.

Mataki na 4: Ƙirga su da ƙafarka

Wajen tantance mutum nawa za a tambaya, ɗalibai suna son lissafin Yamane na 1967 ko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ke tsayawa a wajen mutum 384 in jama'a suna da yawan gaske. Duka biyun suna bukatar ka san adadin mutanen tun farko. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba za ta ba ka wannan ba, don mafi yawan masu rumfa ba su cikinta. Bi layi-layi ka ƙirga shagunan sana'ar, sannan ka ɗauki kowane na uku ko na biyar. Kada ka bari shugaban kasuwa ya zaɓar maka mutane, don manya masu bakin magana zai haɗa ka da su.

Akwai kuma kasuwar da ba a ganin ta daga titi: matan da ke ƙuli-ƙuli, da fura, da ɗinki, da turaren wuta a cikin gida, yara ko WhatsApp na kai musu kaya ga masu saye. In batunka ya shafe su, kai kuma namiji ne, nemi abokiyar karatu ta shiga, a kuma nemi izinin maigida.

Mataki na 5: Tambayar riba

Nan ne yawancin bincike ke karyewa. Ɗan kasuwarmu aljihu ɗaya gare shi. Daga cinikin yau ake cefane, daga shi ake biyan kuɗin makaranta, a zuba adashi, a ba ɗan'uwa gudummawar biki. In ka ce ya lissafa maka abin da ya shigo da abin da ya fita ɗaya bayan ɗaya don ka cire, sau da yawa lissafin zai nuna faɗuwa yake yi, alhali shagon shekara goma yana ciyar da gida. Dalili shi ne kayan da ya saro a wannan wata ba lalle a wannan watan zai sayar da su ba, musamman mai hatsin da ke saye da kaka ya ajiye sai bazara.

De Mel da McKenzie da Woodruff sun gwada wannan a Siri Lanka, suka buga a 2009. Sun gano cewa tambaya ɗaya kai tsaye a kan riba ta fi dogon lissafin shiga da fita kusantar gaskiya, kuma masu sana'a kan rage cinikin da suke faɗa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Don haka ka tambaya a dunƙule: "A watan da ya wuce, bayan an cire kuɗin kaya da haya da na yara, kafin a taɓa na cefane, kamar nawa ya rage?" In ya yi nauyin baki, ba shi rukuni ya zaɓa, ƙasa da kaza ko tsakanin kaza da kaza. Ka ajiye wannan tambaya sai ƙarshen hira, bayan an saba.

Ka haɗa da abin da ido ke iya tabbatarwa. Maimakon "shin kana ajiye lissafi?", wadda kowa zai ce e, roƙe shi ya nuna maka littafin bashi. Wani zai jawo littafin makaranta mai shafi arba'in daga ƙarƙashin kanta, sunaye da boko ko da ajami, an ja layi a kan wanda ya biya, wasu sunayen kuma tun bara ba a taɓa su ba. Ba sai ka karanta sunan kowa ba. Ka lura ko ana sa kwanan wata, ko ana tara jimilla. Wannan shi ne gudanarwar da kake nema.

Tambayoyin duka da Hausa za a yi su, a gwada a kan mutum goma kafin a fita. Ma'aunin nan mai hawa biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", yakan sha wuya a hira ta baki, don dattijo ba ya son musa wa baƙo. Tambayi abin da ya aikata: "Sau nawa ka zagaya ka ji farashin maƙwabta a makon nan?" Manhajar KoboToolbox tana aiki a waya ko ba intanet, ta hutar da kai kwafe takardu.

Mataki na 6: In batunka haƙƙin al'umma a kan ɗan kasuwa ne

Archie Carroll a 1991 ya kasa wannan haƙƙi hawa huɗu: samun riba, bin doka, ɗa'a, sai kyautatawa a sama. Edward Freeman kuma a 1984 ya ce a duba duk wanda harkar ta shafa, ba masu jari kaɗai ba. Yi amfani da su, amma ka sani an gina su ne da manyan kamfanoni a zuciya. Mai shago ba ya buga rahoton shekara. Abin da yake yi shi ne fitar da zakkar dukiya, ɗaya bisa arba'in in ta kai nisabi ta shekara, da ciyarwa da azumi, da haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, da sallamar yaronsa da jari. Carroll ya sa kyautatawa a matsayin ganin dama, zakka kuwa farilla ce a wajen mai bayarwa. Wannan saɓani kaɗai ya isa babi guda.

Kada kuma ka tsaya a kyauta. Tambayi mudu da sikeli, da ɓoye kaya sai sun yi tsada, da ladan yaran shago, da inda leda da dagwalon ruwa ke tafiya. Mutane da yawa ba sa son faɗin sadakarsu don gudun riya, don haka ka tambayi irin abin da ake yi, ba adadin kuɗin ba, ka kuma ji ta bakin yaran shago da maƙwabta.

Mataki na 7: Nazari da mayar da sakamako

Ko manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS ka yi amfani da ita ko Excel, kada ka ce abu kaza ne ya jawo kaza don kawai sun zo tare. Masu littafin lissafi na iya fin riba saboda dama can jarinsu ya fi girma. Rubuta watan da ka tattara bayanai, don farashi kafin cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da bayansa ba ɗaya ba ne. Rubuta adadin waɗanda suka ƙi amsawa. Bayan ka kare aikin a gaban malamai, taƙaita abin da ka gano a shafi ɗaya da Hausa, ka buga kwafi biyu, ɗaya na shugaban kasuwa, ɗaya na sakataren ƙungiya.