Makulli a Ciki, Kai a Waje: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Buɗe Mota

Da zarar ƙofa ta yi ƙarar rufewa, kafin ma hannu ya kai aljihu, gaban mutum kan faɗi. Ya leƙa ta gilas, ga makulli can a kan kujera, ko yana reto a gindin sitiyari, tazarar ba ta kai kamu uku ba amma babu halin ɗauka. Abin yana samun sabon direba, yana samun wanda ya shekara talatin yana tuƙi. Shi kansa rufe makullin ƙaramar matsala ce da ƙwararre kan warware cikin 'yan mintoci. Ɓarnar da ke cin kuɗi, wani lokaci har ta ci rai, bayan nan ake yin ta, lokacin da hankali ya tashi, jama'a suka taru, kowa na kawo tasa dabarar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake juya lamarin a baibai. Inda ya kamata a yi haƙuri nan ake gaggawa, a lanƙwasa ƙofa don kawai ana saurin zuwa wani wuri. Inda kuma ya kamata a fasa gilas ba tare da shawara da kowa ba, nan ake tsayawa jiran wanda aka aika gida ya kawo ɗaya makullin. Don haka kafin ka taɓa komai, amsa tambaya ɗaya: akwai mai rai a ciki?

Idan akwai yaro a ciki

Babban kuskure a nan shi ne tausayin gilas. Motar da aka rufe a rana, zafin cikinta kan ƙaru da kimanin digiri 10 a ma'aunin Salsiyas cikin minti 10 kacal, kuma haka zai ci gaba da hawa. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba ninki 3 zuwa 5. In zafin jikinsa ya kai digiri 40, ya shiga haɗari. In ya doshi 42, ana iya rasa shi. Ɗan kafar da aka bari a saman gilas ba ta rage wani abin kirki, kuma hadari ko inuwar bishiya ba dalilin kwantar da hankali ba ne. Haka abin yake ga tsoho mai rauni, ko mara lafiya, ko dabba.

Idan yaron ya yi wayo, nuna masa maɓallin buɗewa da ke jikin ƙofar gaba, ka yi masa magana a hankali ba da tsawa ba, don in ya firgita kuka kawai zai yi. Kada ka ɓata lokaci a kan ƙofar baya, domin sau da yawa an saka mata kullen yara, hannun ciki ba zai buɗe ta ba. In gwaji ɗaya ko biyu bai yi ba, ko kuwa jariri ne a ɗaure a kujerarsa, sa wani ya kira lambar agajin gaggawa ko 'yan kwana-kwana, kai kuma ka nufi gilas.

Fasa gilas ma akwai yadda ake yinsa. Zaɓi tagar da ta fi nisa da yaron. Kada ka taɓa gilashin gaba, don shi falle biyu ne da roba a tsakiya, tsagewa kawai zai yi ya tsaya a wurinsa. Gilashin gefe a yawancin motoci irin wanda aka gasa ne, in ya fashe sai ya zube ƙanana-ƙanana. Sai dai tsakiyarsa tana da ƙarfin jure duka, za ka iya maka masa dutse ya dawo maka. Rauninsa yana kusurwa. Nemi abu mai tsini, ka naɗe hannunka da tsumma, ka kau da fuska, ka doki kusurwar ƙasa. Wani abin lura: wasu sababbin motoci har tagogin gefensu, musamman na gaba, mai falle biyun ne. Duba ɗan rubutun da ke kusurwar gilas. In ka ga Tempered, zai fashe. In ka ga Laminated, koma wata tagar, galibi ta baya.

In an fito da yaron, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi. In yana amai, ko jikinsa ya saki, ko ba ya amsa kira yadda ya saba, asibiti za a nufa kai tsaye.

Akwai wani haɗarin da ake mantawa. In injin na aiki kuma motar tana cikin gareji a rufe, buɗe ƙofar garejin tukuna. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa.

Idan makulli ne kaɗai a ciki

To a nan sai a sassauta. In a bakin titi kake, matsa daga hanyar motoci, in da dare ne ka tsaya inda akwai haske da mutane. Sannan ka zagaya motar, ka ja hannun kowace ƙofa, har da but. Abin kamar bai kai a faɗa ba, amma mutane da yawa ƙofar direba kaɗai suke jijjigawa, alhali wata ƙofar baya ba ta kama ba. A motocin da but ɗinsu ke haɗe da ciki, ko waɗanda kujerar bayansu ke kwantawa, in but ya buɗe an gama.

Sai ɗaya makullin. Yana ina, a hannun wa? Kuɗin abin hawan da zai kawo shi kusan kullum bai kai kuɗin fenti ko robar ƙofa ba. Jiran awa ɗaya yana da ciwo, na sani, amma hanya ce da ba ta barin tabo a jikin mota.

Masu sababbin motoci su tuna da manhajar kamfani. Toyota, Ford, Hyundai, Mercedes-Benz da wasu da dama suna da manhajojin da ke buɗe ƙofa daga wayar hannu, General Motors kuma tana da tsarin OnStar tun 1996. Kuskuren shi ne sai ranar da abu ya faru ake neman saukar da manhajar. Sai an riga an yi rajista an haɗa ta da motar take aiki, kuma ba a kowace ƙasa ake samun hidimar ba.

Sukudireba, ƙarfen hanga da shawarar 'yan kallo

Nan ne aka fi yin ɓarna. Wani zai kawo sukudireba ya cusa a saman ƙofa ya banƙare ta, wani ya miƙar da ƙarfen hanga ya zura yana lalube. Wani lokaci ƙofar kan buɗe, a yi murna a watse. Bayan kwana biyu sai mai mota ya fara jin iska na fito a kunnensa in ya ɗauki gudu, ruwan sama na tsiyaya ta saman ƙofa, inda sukudireba ya kankare fenti kuma tsatsa ta fara kamawa. Firam ɗin saman ƙofa siririn ƙarfe ne, in ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai yadda aka ƙera shi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Wanda ya fi wannan muni shi ne siririn falalen ƙarfen nan da ake zurawa tsakanin gilas da roba, a gangara da shi cikin ƙofa. A tsofaffin motoci yana aiki, don sandar ƙarfe ce ta haɗa kulle da hannu, in an ƙugiye ta aka ja sai ta buɗe. Motocin yanzu ba haka cikinsu yake ba. An rufe kullen da kariya, an maye gurbin sandar da kebul, ga wayoyin gilas da na madubi da na sifika, a wasu har da na'urar da ke sanar da jakar iska ta gefe cewa an yi karo. Wanda bai san cikin wannan ƙofar ba lalube yake yi a duhu. In ya ɓalle wani abu, ƙofar na iya ƙin buɗewa ko da makullinta na ainihi, sai an kwance ta.

Dabarar igiyar takalmi gaskiya ce, amma ga irin mota ɗaya kawai, wato mai ɗan ƙusar kulle da ke tsaye a saman ƙofa kusa da gilas, mai kai da igiya za ta iya shaƙewa. In motarka ba ta da shi, kada ka wahalar da kanka. Sauran biyun da ke yawo a intanet kuwa ƙarya ce zalla. Matsa ƙwallon tanis mai huji a bakin kulle ba ya tura iskar da za ta motsa komai. Haka kiran gida a ce a danna rimot a bakin waya: rimot saƙon rediyo yake aikawa, a kan zangon megahaz 315 ko 433 gwargwadon yankin da aka yi motar dominsa, ita kuwa waya sauti take ɗauka ta isar.

Wanda ya ƙudurta sai ya fasa gilas alhali babu rai a ciki, to aƙalla kada ya faɗa tarkon ƙaramar taga. Mutane kan zaɓi ɗan gilashin nan mai kusurwa uku da ke can baya, a zatonsu shi ya fi araha. Sau da yawa akasin haka ne, don manne shi ake yi da jikin mota, samunsa da wuya, sa shi kuma aiki ne. Gilashin ƙofa mai hawa da sauka ya fi sauƙin samu da sauyawa. Ni dai ban ga dalilin kai wa ga haka ba sai in an rasa kowace hanya.

Kiran wanda ya san aikin

Ƙwararren mai buɗe mota ba ya zuwa da guduma. Wata 'yar jaka ce ta roba yake zurawa a kusurwar ƙofa, ya hura mata iska kaɗan-kaɗan har a sami kafa, sannan ya zura doguwar sanda mai rufin roba ya danna maɓalli ko ya ja hannun ciki. Wasu kuma ta ramin makullin suke bi da kayan aikin da aka yi don irin wannan kullen. In wanda ka kira ya fito da sukudireba, dakatar da shi.

Gaya masa sunan motar da shekararta tun a waya, don ya san abin da zai ɗauko. Wannan yana da muhimmanci ga wasu motocin Turai irin su BMW da Volkswagen, masu kulle mai ninki biyu: in ya kama, ko hannun ciki aka ja ƙofar ba za ta buɗe ba. Ku daidaita kan kuɗi kafin ya taɓa motar, ba bayan ƙofa ta buɗe ba. In kana da inshora ko rajista da masu agajin kan hanya, tambaye su tukuna, don wasu tsare-tsaren sun haɗa da wannan hidimar.

Kada ranka ya ɓaci in ya nemi shaidar cewa motar taka ce. Wanda zai buɗe maka ba tare da tambaya ba, zai buɗe wa ɓarawo ma. Matsalar ita ce takardun galibi suna cikin motar, shi ya sa yake da kyau ka ajiye hotonsu a waya. In makullin ya ɓata gaba ɗaya, lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake hangowa ta ƙasan gilashin gaba a yawancin motoci, ita dilan kamfani zai nema tare da takardunka ya yanka maka wani. Da ƙofa ta buɗe, kafin ka sallame shi, gwada kulle da gilas na wannan ƙofar, ka duba roba da fenti.

Yadda ake sake faɗawa ciki

Da yawa sun ɗauka motar da ake tayarwa da maɓalli ba ta rufe makullinta a ciki. Yawanci takan ƙi, ta yi ƙara. Amma in batirin rimot ya yi sanyi, ko rimot ɗin yana cikin jaka a ƙuryar but, motar na iya kasa jin sa ta kulle abinta. Batirin ɗan ƙarami ne kamar kwabo, yawanci CR2032, kuma in ka ga sai ka matso sosai rimot ke aiki, lokacin sauya shi ya yi. Wasu motocin kuma in ka buɗe da rimot ba ka ja wata ƙofa ba, sukan mayar da kulle da kansu bayan kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. A nan ne mai loda kaya ke shiga uku: ya ajiye makulli a cikin but don hannunsa ya sami sarari, ya gama ya rufe murfin. Makulli aljihu ne wurinsa, ko da fitar ta sakan biyar ce. Kuma don Allah a daina miƙa wa yaro makulli ya yi wasa da shi yayin da ake ɗaure shi a kujera. Dannawa ɗaya ce, kai kuma ka rufe ƙofa ka zagaya.

Ɓoye makulli na biyu a ƙarƙashin mota da maganaɗisu ba dabara ba ce. Ɓarayi sun san wuraren, in kuma rimot ne, kasancewarsa kusa da motar kaɗai na iya ba kowa damar ja ya buɗe. Ajiye shi a cikin motar kuwa daidai yake da babu. Abin da ya fi shi ne, in makullinka yana yankuwa, a yanka maka na ƙarfe zalla ka sa a walat. Ba zai tayar da injin ba, domin motocin zamani suna da na'urar hana sata da ke neman ɗan guntun lantarkin da ke cikin makulli na ainihi. Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin motoci tun 1998, Ostireliya a 2001, Kanada a 2007. Amma zai buɗe ƙofa, kuma abin da kake nema ke nan. Ka haddace lambar mutum ɗaya da zai iya kawo maka ɗauki, don sau da yawa wayar ma tana kan kujera tare da makullin.

Masu rimot su duba jikinsa yau. Kusan kowanne yana da siririn makullin ƙarfe a ɓoye, da ɗan maɓallin zaro shi. Ramin da yake shiga yana hannun ƙofar direba, a wasu motocin a ƙarƙashin wani ɗan murfin roba da ake ɓallewa. Ramin da aka shekara biyar ba a taɓa shi ba yakan cije da ƙura da tsatsa, don haka a riƙa zura makullin ana murɗawa lokaci-lokaci, in ya yi tauri a fesa masa man da aka yi don kulle.